Ɗakin Ƙofar Gida Ba Na Haya Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Safara'u 'yar Malam Audi, matar marigayi Alhaji Rabe mai gyaran keken ɗinki, mazauniyar Badarawa a Kaduna. Da hannuna nake rubuta wannan, kuma hankalina yana jikina sarai. Na fara da haka ne domin na san ku, ku ukun da na haifa, Lawal da Sharhabil da Bara'atu. Duk abin da na faɗa wanda bai yi muku daɗi ba, sai ku kalli juna ku ce Inna ta fara ruɗewa. To ban ruɗe ba. Limamin layinmu da mai unguwa sun zauna da ni, sun ji komai daga bakina, su ne shaiduna.

1. In ta Allah ta kasance, a kai ni da wuri. Kada a ajiye ni ana jiran wani ya taso daga Abuja. Likkafanina yana cikin akwatin ƙarfe, ni na ɗinka abina. Zannuwan gadon mutane da ban gama ba, Bara'atu ta san masu su, ta mayar musu tare da ban haƙuri.

2. Gidan nan da ɗinki na gina shi, ɗaki bayan ɗaki. A raba shi yadda shari'a ta ce, ban sa baki ba, Allah ya riga ya raba. Amma ɗakin ƙofar gida, mai kallon titi, ba ya cikin rabo. Na yi waƙafinsa ga matan unguwa masu koyon Turanci, da allonsa da bencinansa da fankarsa. Liman ya duba, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na mallaka ba, saboda haka babu mai hurumin tayar da maganar.

Lawal, da kai nake. Na gan ka ta taga ranar da ka kawo mutumin nan mai son buɗe kantin magani, kuna auna bango da tef. Na san ɗakin zai yi kuɗin haya, ba yau na fara zama a bakin titi ba. Amma ka zauna ka ji dalilina, tunda ba ka taɓa tambaya ba.

Lokacin ciwon babanku, ni nake jinyarsa, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Amma in likita ya shigo sai in zama kamar kujera. Ku da shi ku yi ta Turancinku a kaina, in na tambaya ku ce ai sauƙi yana ta samuwa. Haka muka saba, ba a gaya wa babba cewa tafiya ta zo, kuma na san tausayi ne ya sa ku. Sai dai tausayin nan ya sa babanku ya tafi bai nemi gafarar ƙaninsa ba, alhali kullum yana cewa in ya miƙe zai je. Ni kuma na bar shi na tafi gida ɗauko kunu, na dawo na tarar an rufe masa fuska. Har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ina fita takaba na nemi Malama Saratu, wadda ta koyar da Bara'atu a firamare kafin ta yi ritaya. Na ce mata ba takarda nake so ba, kunne nake so. Muka fara ni da ita, sai maƙwabta suka ji, yau ɗakin ba ya ɗaukar mu. Mun koyi gaisuwa, da tambayar hanya, da gaya wa likita inda ke ciwo da tun yaushe. Mun koyi karanta abin da aka rubuta a kwalin magani, da amsa wa malamin makarantar yara ba tare da an kira ɗan maƙwabta ya yi tafinta ba. Bambanta abin da ya wuce da abin da zai zo a Turanci ya ba ni wuya ƙwarai, harshena kuma har gobe a karkace yake. Jikokina suna kwaikwayona suna faɗuwa don dariya, ina jin su, kuma ban fasa ba.

3. Ciwona na san shi. Ranar da ka kai ni asibiti, Lawal, likitar nan da ba ta jin Hausa ta nuna maka hoto, ta ce abin ya kai hanta, aiki ba zai yi amfani ba, sai dai a rage mini zafi. Ka juyo da murmushi ka ce mini gyambon ciki ne. Na ga idonka ya kaɗa, shi ya sa na bar ka da gyambonka. Na yafe maka duniya da lahira. Amma ka duba da kyau: da ban ji da kunnena ba, da yanzu ina kwance ina jiran sauƙi. Da ban kira liman ba, da ban je Kinkinau na nemi gafarar 'yan'uwana ba, da wannan wasiyya ba ta samu ba. Abin da ɗakin nan ya ba ni ke nan, kuma shi kake so ka mayar kanti.

4. Sharhabil, kai ma ba ka tsira ba. Ka ce tsohuwa kamata ya yi ta riƙe carbi, ba ta zauna tana gud monin ba. Carbina yana hannuna, Islamiyya ban taɓa fashi ba, je ka tambayi malaminmu. Ka kuma ce malamar ba Musulma ba ce. Matar nan tana tsallako gada daga Sabon Tasha, mota biyu take hawa, ko da ruwa ake. Da an kira azahar ita take fara rufe littafi ta ce mu tashi. Ranar da gari ya rikice, a ɗakina ta kwana, kuma da ni ce a unguwarsu na san inda zan kwana. Muddin tana iya zuwa, ita ce malamar ɗakin nan. Wanda ya ɗaga mata murya, ni ya ɗaga wa.

5. Sharhabil, ka bar matarka Rukayya ta koma aji. Ka hana ta ne saboda abokanka na gareji a Mando sun yi maka tsiya, ba don komai ba, ni na haife ka. Ita ke kai yaranku asibiti kana wajen aiki. Kana so ita ma ta zama kujera? Gabar da kake yi da Bara'atu don ta goyi bayanta, ka kashe ta kafin a ɗauki gawata. Kai ne yayanta, kai za ka fara sallama. Ke kuma Bara'atu, in ya yi sallama ki amsa, ki rage bakin nan naki, na san inda kika gado shi.

6. Makullin ɗakin yana hannun Bara'atu. Ba gado na ba ta ba, aiki na ɗora mata: shara, da alli, da sayen ƙwan lantarki in ya mutu.

7. Wannan ita ce wadda na fi tsoro. Na san yadda ake yi. Za a ce ɗakin ƙofa ya fi dacewa da zaman makoki, a fitar da bencina, a jingine allo a bayan gida, a shimfiɗa tabarmi. Daga sadakar uku a ce a bari sai bakwai, daga bakwai sai arba'in, kafin nan matan sun watse, kowace tana jin nauyin ta zo ta yi karatu a gidan mutuwa. Shi ke nan ɗaki ya zama fanko, mai kanti ya dawo da tef ɗinsa. Ban yarda ba. Maza su karɓi gaisuwa a rumfar masallaci, mata a tsakar gida. Ko benci ɗaya kada a taɓa. Ranar aji ta farko bayan an kai ni, ko da washegari ta faɗo, a buɗe ƙofa. Bara'atu ta bi gida gida ta kira su. Su yi mini addu'a, su share hawaye, Malama Saratu ta ci gaba daga inda muka tsaya. Masu cewa ba a taɓa yin haka ba, a ce musu mai gawar ce ta ce.

Na gaji, bari in taƙaita.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Kun ciyar da ni, kun tufatar da ni, ba ku taɓa barin na kwana da yunwa ba, na shaida. Allah ya ba ku masu yi muku fiye da haka. Lawal, ƙannenka amana ne a wuyanka, ka tara su a gidan nan kowace Sallah ko da ba ni. Kada ɗaki guda ya raba ku, kada kuma ku haɗa kai a kansa don ku saɓa mini, domin wannan ba zumunci ba ne. In ku ma kwananku ya ƙarato, ina roƙon Allah ya ba ku 'ya'yan da za su gaya muku gaskiya.

Ku yafe mini, na yafe muku komai. Rufe ɗakin nan ne kaɗai ban yafe ba, kuma wanda ya rufe shi, ni da shi sai a gaban Allah.

Mahaifiyarku,
Safara'u