Na Tsince Abin da Ake Nema

Laraba da dare, Hunkuyi

Har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Sati uku ke nan malamin da ke duba bincikena ya turo min hotunan fuskar garafait, baƙin nan na cikin fensir, waɗanda na'ura mai ganin ƙwayar zarra ta ɗauka. Na ga saƙa mai kyau kamar tabarma, sai dai nan da can akwai ɗigon ƙarfe da 'yan ramuka, kuma saƙar ta hargitse a kewayensu. Ni da na tashi ina tsince wa Inna tsakuwa a wake, ban ko yi tunani ba. Na goge su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, na tura masa ina jiran yabo.

Yau bayan la'asar ya kira. "Hauwa, ina ɗige-ɗigen nan suka shiga?"

Na ce, "Na tsince dattin, Malam."

Ya ce hargitsin nan sawun lantarki ne idan ya ci karo da ƙarfen, kamar an jefa dutse a kududdufi, kuma shi kaɗai muke nema. Da faɗa ya yi min da ya fi sauƙi.

Inna tana gefe da faifanta, ta ji komai. Ta ce, "Ko wake ne, ai sai an tambayi mai shi."

Hotunan asali suna nan, gobe zan sake aikin. Amma "na tsince" ɗin nan da na faɗa da taƙama, ita ba ta goguwa.