Buhun Shinkafa a Lungunmu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Fatakwal? Ya ƙafar Alhaji, da sauƙi dai ko? Ya yara da karatu? Mu nan Yakasai lafiya lau, sai dai haushi.

Shawararki na bi, Yaya. Kin ce in daina awon kullum, in sayi buhun shinkafa gaba ɗaya, ga rangwame ga hutun zuwa kasuwa. Kin manta ko adaidaita sahu ba ta shiga lungunmu. A ka ɗan dako ya ɗauko buhun tun daga bakin titi, ina biye da shi, kowace ƙofa ana yi min barka.

Ko hijabi ban cire ba Gwaggo Asabe ta yi sallama da langarta. "Larai, ashe buɗi ya samu? A ɗan sam min ta jikoki." Bayanta sai matar liman, sai maƙwabta masu shirin bikin suna. Wa zan hana a cikin mutanen da suka zauna mana makokin Baba? Da can kwano ɗaya nake shigowa da shi a ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya sani.

Buhun da na sa ran zai kai mu azumi, sati uku ya yi. Jiya na kakkaɓe shi, yau Gwaggo ta aiko wai in ba ta buhun za ta shanya kuɓewa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Alhaji da yara. In wata dabarar ta sake zo miki, don Allah ki fara tuno lungunmu.

Ƙanwarki,
Larai