Sitiyarin da Ilu Ya Kira Jabu

Yaya Hamidu, salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Agadas? Mu nan Ƙonni lafiya lau.

Ka tuna Ilu direba, wanda ya bi tasha yana cewa tsofaffin sitiyarin katakon da nake sayarwa jabu ne, baƙin mai nake shafa musu? To, nasa ya tsage a hanyar Malbaza, kuma irinsa mai huji shida ni kaɗai ke da shi. Jiya ya zo yana cewa, "Malam Sani, a yi haƙuri." Na ce ai jabu ne, ba zan cuce shi ba.

Na rataye sitiyarin a ƙofar shago, inda Ilu yake wucewa da ƙafa kullum.

A gaida yara, a sa mu addu'a. Ilu kam ku bar mini shi.

Ƙanenka, Sani