Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar da Babu Kaka

Hajiya Murjanatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na firamare na tsaya, wannan ma a waya nake dannawa da yatsa ɗaya. Akwai takarda liƙe a jikin firij ɗinmu, ta zaɓen makarantar da yarona zai shiga, an ce mu cike ta kafin ƙarshen watan nan. Har yau ban sa mata ko ɗigo ba.

Ni mutumin ƙasar Baure ne. Gyaran babur nake yi a da, a bakin kasuwar Mai'adua. Matata Haulatu ita Allah Ya ba karatu, ta zama nas. Shekara biyu ke nan da ta samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, muka biyo ta ni da yaron. Kwana huɗu a mako tana fita da sassafe, sai magariba take dawowa. Ni ina ɗaure kaya a wani sito ranakun da take hutu. Sauran ranakun ni da yaron ne a gida, ɗaki biyu a hawa na uku, babu tsakar gida, babu akuya, babu mai yin sallama.

Shekararsa huɗu, ba ya magana. Ba kurma ba ne, don in aka buɗe ledar biskit a kicin yana uwar ɗaki zai taho. Yakan jera cokulan gidan a ƙasa, daga babba zuwa ƙarami, in ka gusa ɗaya sai ya mayar da shi ba tare da ya dube ka ba. Injin wanki in yana juyawa zai zauna gabansa har ya gama. In yana son ruwa sai ya kama hannuna ya kai kan famfo, kamar sifana ya ɗauko. Hayaniya kuma ba ya so, a kanti in mutane sun yi yawa sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa. Bayan dogon jira likita ya gan shi, ya ce abin da suke kira otizim ne. Na ji wasu a rediyo suna cewa galahanga, ni dai ba na son kalmar.

Yanzu ga abin da na kasa gaya wa kowa. Ɗan farina ne, mu kuwa a gidanmu har gobe ana kunyar ɗan fari. Ba na kama sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na zama in yi masa wasa. Kai nake ce masa, in ina maganarsa kuma in ce yaron. Ni ma haka aka yi mini, don ni ne na fari a wurin Baba. Har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa zaton ba ya ƙaunata ba. Na tuna wata shekara gab da Sallah, na hango shi ya tsuguna a bakin rumbu yana gwada sawun ƙafata a kan rairayi da karan gero. Ya karya karan ya sa a aljihu. Ran Lahadi ya dawo daga Mai'adua da takalmi daidai ni, ya miƙa wa kakata Goggo Shatu, ya ce a ba wancan. Goggo kuwa sau ɗari take kirana a yini. Angona zo ka sha fura, angona malalaci ko cefane ba ka bayarwa. Ga ƙannen Baba mata, ga matan kawunnai, wannan ta goya ka, waccan ta tsokane ka, ba ka wuce ƙofa uku ba a kira sunanka ba. Wallahi wani lokaci ina wanke kwanoni a nan sai in ji kamar ƙarar turmin gidanmu, in saurara da kyau, ashe maƙwabcin sama ne ke buga ƙusa.

A watan jiya hukumar garin ta turo wata mata mai koya wa yara magana. Ta zauna a ƙasa, ta fito da kayan wasa, ta kira tafinta a waya, wani Bakano. Ta ce in kira yaron ta ga ko zai waiga. Na ce kai. Ta ce a'a, da sunansa. Na kasa kira, Haulatu ma ta sunkuyar da kai, don ita ma na farinta ne. Bakanon ya gane, ya kwashe da dariya, wai Malam ashe har yanzu akwai irinku, ai shi ya ɗauka an daina yayin wannan tun zamanin rediyo mai batir shida. Ya yi wa matar bayani da Turanci, ta gyaɗa kai. Amma da rahotonta ya zo Haulatu ta karanta mini, an rubuta cewa uban ba ya kiran yaron da suna, ba ya haɗa ido da shi. Na ɗauki jaket na fita, na zaga unguwar sau uku cikin yayyafi. Ni da nake yanke masa farce, ni da na san ba ya cin shinkafa in miya ta taɓa ta.

Tun ranar nake tambayar kaina ko ni na jawo. Kafin mu taso yana da kalma uku ko huɗu, yana cewa Inna, yana cewa mee in ya ga akuya. Mun zo da wata biyar duk suka ɓace. Yini guda muna ɗaki ɗaya ni da shi, abin da nake ce masa bai wuce zo, zauna, bari ba. Na ɗauko shi daga gidan da ake kiransa na kawo shi inda ba mai kira.

Makarantu biyu aka nuna mana. Ɗaya nan bayan gidanmu take, da ƙafa ake zuwa, yara talatin a aji. Akwai 'ya'yan Somaliyawa da 'yan Pakistan da yawa, abincinsu halal, sun ce za su nemo malamar da za ta riƙa zama kusa da shi na wasu awanni. Na tsaya a jikin shingensu lokacin da aka tashi tara, ihun yaran kamar kasuwar awaki, na ce a raina anya kuwa. Ɗayar ta yara masu buƙata ta musamman ce, can ƙarshen gari, mota ke zuwa ɗauka. Yara bakwai a aji, malamai uku, da hotuna suke koya musu neman abu. Wurin shiru, na lura ko fitilunsu ba masu kashe ido ba ne. Amma na ga wani yaro babba yana buga kansa a bango. Kuma shugabar ta ce dole iyaye su riƙa zuwa duk Alhamis, ana koya musu yadda za su zauna gaba da gaba da yaro, su kira sunansa, su yi masa waƙa. Alhamis Haulatu tana aiki, ni ke nan zan je. Ita wannan ta fi so, amma tana tsoron labari ya kai gida a ce mun kai shi makarantar mahaukata.

Ga kuma Inna, mahaifiyata. Duk Juma'a muna waya ta bidiyo, tana ganin yaron sai ta fara tsokanarsa, wai mai gidanta ya ƙi ta, ya samu Baturiya. Yakan matso ya taɓa fuskarta a jikin gilashin, abin da ba ya yi wa kowa. Ta ce mu kawo mata shi, ƙasar sanyi ce ta riƙe masa baki, in ya shiga cikin 'yan'uwansa aka yi masa rubutu ya sha, wata uku zai ishe mu da surutu. Wani lokaci ina jin kamar gaskiyarta ce. A unguwarmu akwai wani Dabo, shi ma bai taɓa magana ba, amma ya san akuyar kowane gida, shi ke kora su kiwo ya dawo da su babu wadda ta ɓata, kowace ƙofa ana zuba masa tuwo. Ba wanda ya taɓa sa wa abin nasa suna. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, na sha ganin yara suna jifarsa, ni ma na taɓa yi sau ɗaya, kuma tunda uwarsa ta rasu rigarsa ɗaya ce.

Hajiya, wacce zan zaɓa? Ta bayan gida, ta ƙarshen gari, ko in kai shi wurin Inna in dawo? In kuma na shiga ajin nan na Alhamis, ban zubar da tarbiyyar da Baba ya yi mini ba?

Naki,
Baƙo daga ƙasar Baure

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, daga sama har ƙasa babu sunan yaron. Amma akwai cokulansa, akwai shinkafarsa da ba a sa wa miya, akwai fitilun makaranta da ka lura da su. Uban da bai damu ba ba ya ganin waɗannan. To ka fara sauke wannan nauyin: ba kunyarka ce ta jawo ba, ba kuma sanyin Ingila ba. Likitoci sun ce da shi ake haihuwar yaro, kuma da yawa daga irin yaran nan sukan fara 'yan kalmomi su daina wajen shekara biyu, ko a Daura suke ko a ina.

Kunyar ɗan fari kuwa ni ma na yi ta, ba zan raina ta ba. Amma ka duba irin gidan da aka yi ta dominsa. Babanka ya iya yin shiru ne saboda akwai bakuna ashirin da ke magana a madadinsa. A hawa na uku babu Goggo Shatu. Kai ne kakan, kai ne goggon, kai ne kawun, sannan kai ne uban. Kunya don idon manya ake yin ta, kuma babu babba a ɗakin nan sai kai. Ranar da kuka je gida, ko in Inna tana kan waya, ka ci gaba da cewa yaron, ba wanda zai hana ka. Amma in ku biyu ne, ka durƙusa daidai tsayinsa ka kira shi. Bakinka zai yi nauyi da farko, ka daure. Ka yi masa da Hausa, kada wani ya ce maka yare biyu zai rikita shi har ka daina. Turanci zai same shi a makaranta.

Inna tana da gaskiya a abu ɗaya, yaro yana buƙatar jama'a. Sai dai waɗannan shekarun na ƙuruciya su ne koyarwa ta fi kama shi, kuma malamai uku a kan yara bakwai ba za ka samu a ƙauyenku ba, ko a birni sai an sha nema. Kai da kanka ka ba ni ƙarshen labarin Dabo. Inna ba yarinya ba ce, ka yi tunanin ranar da ɗanka zai cika shekara ashirin. Ban ba ka shawarar kai shi ba. Addu'arta kuwa ba ta faɗa da makaranta, ta yi ta yi daga can.

Tsakanin biyun, bisa abin da ka kwatanta, na fi karkata ga ta ƙarshen gari. Yaron da ke toshe kunne a kanti, aji mai yara talatin zai wahalar da shi, kuma malamar da aka ce za a nemo har yanzu alkawari ce. Amma kada ka cike takarda a kan maganata kawai. Ku koma duka biyun, kai da Haulatu da shi, ku ce a ba ku tafinta. Ka tambayi ta kusa awa nawa malamar za ta yi a mako, a rubuce ne ko da baki, kuma ina suke kai yaro in hayaniya ta yi masa yawa. Ka tambayi ta nesa sau nawa mai koyar da magana za ta riƙa ganinsa, in ya samu ci gaba ko za a iya mayar da shi makarantar kowa, yaya batun abinci, wa ke zama da su a mota. Yaron nan da ka gani yana buga kai, ka tambaya me suke yi masa a irin wannan lokacin, amsar za ta nuna maka ko su wane ne. Sannan ka yi abin da ka fi iyawa, ka zuba ido ka ga a wacce ya saki hannunka.

Rahoton nan ma ku rubuta musu ku ce a ƙara bayani cewa al'ada ce, domin takarda takan bi yaro shekara da shekaru. Haulatu ta iya wannan.

Kada ka bari Inna ta ji a bakin wani. Ka kira ta da kanka, ka ce an samu makarantar da ake koya wa yara magana, wanda gaskiya ne, ka nemi albarkarta. Ka kuma ba ta aiki: maimakon Juma'a kaɗai, kullum minti goma a lokaci guda, ta yi masa tsokanar nan tata. A turo muku hotunan mutanen gida, har da awakin, ku liƙa a bango kuna faɗa masa sunayensu. In hali ya yi, ku je da dogon hutu. Masu cewa makarantar mahaukata kuwa, ba su za su riƙe shi ba.

Ka je ajin Alhamis. Za ka tarar da iyaye daga ƙasashe daban-daban, kowa da abin da ya baro a gida, kowa bakinsa da nauyi. Ka gaishe mini da Haulatu, ka riƙa tambayarta yadda take ji, don ba ta da wanda za ta yi wa kuka a can sai kai.

Allah Ya raya muku shi, Ya buɗe bakinsa. In kuma Ya ƙaddara ta wata hanya zai yi magana, Allah Ya ba ku kunnen jin ta.

Hajiya Murjanatu