Ki Bar Ta Ta Jiƙe

Mama, na tafi neman mai gyaran famfo, ban so in tashe ki daga barcin rana ba.

Bututun wurin wanke-wanke ya tsage. Ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa har falo, ya jiƙa kafet da kwalin hotunan marigayi Baba. Na shanya hotunan a gadona. Bayana kamar zai karye saboda tsane ruwa.

Na'urar da na ajiye a ƙasa don ta yi ƙara in ruwa ya taɓa ta, a saman firiji na tsince ta, an ɗaure ta tam cikin leda. Na san tausayinta kika ji, kada ta lalace. Mama, jiƙewar ce aikinta.

Na mayar da ita ƙasa. Don Allah ki bar ta ta jiƙe, mu mu bushe.