Baƙon da Ke Ƙirga Shirwa

Zuru, 4 ga Nuwamba

Maigidana Gabriel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a bariki. Yaya ƙafar nan taka? Ni da 'yarka Joyce lafiya lau, dawa ma ta kusa isa yanka. Tunda layinku ba ya shiga, ga takarda ta hannun direban da ka sani.

Baban Joyce, mun yi baƙo. Mai unguwa ne ya kawo shi da takarda daga wata jami'a, ya ce in ba shi ɗakin zaure na wata guda. Sunansa Lukuman. Ba shi da hayaniya, gaisuwa har ƙasa, aikinsa ne dai ban gane ba. Kullum ƙarfe takwas yana kan dutsen bayan gonarmu da littafi da madubin hangen nesa irin naku na soja, ba ya saukowa sai huɗu. Wai tsuntsaye yake ƙirgawa, shirwa da shaho da danginsu, masu wucewa kudu idan ruwa ya ɗauke. Ka ji fa. Mutum da gemunsa ya baro garinsu saboda shirwa, wadda ni kullum jifanta nake a kan 'yan tsakina.

Da dariya na ɗauki abin, sai jiya ya tambaye ni yaushe ake fara sa wa daji wuta, kuma ina ake kai shanu kiwo. Ya ce tsuntsayen suna bin hayaƙi da shanu saboda fara. Wataƙila haka ne. Amma kai ma ka san su waye ke tambayar inda shanu suke a ƙasar nan.

Ka kula da kanka.

Taka,
Rachel

Zuru, 13 ga Nuwamba

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya jiki? Mu muna nan cikin kiyayewar Allah.

Ka san halina, ban iya zama da abu a ciki. Ranar Asabar na fake da neman itace na hau dutsen. Bai ji komai ba, miƙo mini madubin ma ya yi. Inda idona ke ganin sama fayau, sai ga su birjik suna kewayawa ba su ko kaɗa fiffike, suna gangarawa kudu ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya abin ya yi mini kyau. Da na sauke madubin kaɗan kuwa, sai ga hanyar Ribah da duk babur ɗin da ke kanta, ga ƙofar coci, ga Joyce tana shanya a tsakar gidanmu kamar in taɓa ta. Na mayar masa da abinsa na sauko.

Ranar Talata aka ce an ga 'yan bindiga wajen rafi, mai unguwa ya hana kowa zuwa gona. Lukuman ya rataya jakarsa. Na tare shi a ƙofa, ya ce ƙa'idar aikin ke nan, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowace rana, in ya tsallake ko ɗaya ba za a iya gwada na bana da na baɗi ba. Ya tafi, ya dawo ƙarfe huɗu ko ƙwarzane babu. A ranar aka kore shanun gida uku a ƙauyen da ke bayan dutsen.

Wa zai fita a rana irin wannan in ba wanda ya san ba za a taɓa shi ba? Na gaya wa ƙanenka Japhet, tunda yana cikin 'yan bangar unguwa. Cewa kawai na yi su sa masa ido.

Taka,
Rachel

Zuru, 16 ga Nuwamba

Maigidana,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kana lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu.

Ba ido suka sa masa ba. Jiya da hantsi suka sauko da shi a ɗaure, sun karya masa hannun dama, suna cewa infoman 'yan bindiga ne, daji za su kai shi. Ka san wanda aka kai daji ba ya dawowa. Na shiga ɗakinsa na kwaso littattafansa guda huɗu, har da na shekarun baya daga wasu garuruwa. Na buɗe su shafi-shafi a gaban mai unguwa. Zanen fiffike ne da wutsiya, da awa, da yawan da suka wuce. Ba hanya, ba shanu, ba sunan kowa. Japhet ya ce infoma ma ya iya zana tsuntsu.

Mai unguwa ya ce za a kwance shi in wani gida ya tsaya masa, da sharaɗin in aka sake taɓa yankin nan yana garin, gidan ne zai amsa, ya kuma tashi daga unguwa. Ba gidan da ya fito. Baban Joyce, na tsaya masa da sunanka da gidanka, ban tambaye ka ba.

Yanzu yana kwance a zaure, mai ɗori ya ɗaure hannun, ya ce sai ya yi mako biyu kafin ya iya hawa mota. Japhet ya daina gaishe ni. Shi kuwa Lukuman bai san daga bakin wa maganar ta fito ba. Duk sanda na kai masa kunu sai ya ce ni ce uwarsa a garin nan, wannan godiyar ta fi zagi ƙona mini rai.

Kada ka tambaye ni ko na tabbata da shi. Ban tabbata ba, ko yau da safe wayarsa ta yi ƙara na tsaya a bayan ƙofa ina saurare. Abin da na tabbata shi ne maganata ce ta ɗaure shi, kuma ba zan iya shiga coci da jinin ɗan wani a kaina ba. In gaskiya gare shi, na karya masa hannu. In kuwa ƙarya yake, na raba ka da gidan ubanka. Ka yafe mini, ka yi mana addu'ar mako biyun nan.

Matarka,
Rachel