Babban yatsan Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka fara nuna mana ƙaramar bindiga a makarantar horo. Ta fi yadda na zata nauyi. Sajan ya ja samanta baya ya saki, ya ce harsashi ya shiga ke nan, hamar da ke bayanta ta ɗage tana jira. A haka, taɓa kunama kaɗan ya isa. Sai ya juya bakinta cikin durom ɗin yashi, ya danna wani ɗan ƙarfe a gefe. Ƙwas! Hama ta faɗi. Na yi ihu, ni kaɗai a ajin. Ba abin da ya fita.

Laraba, 5 ga Maris
Na tambayi Sajan dalilin da bindigar ba ta tashi ba. Wai ƙarfen nan yana tare allurar da ke dukan harsashi kafin ya saki hama. Amma mai sauke ta da yatsa dole ya ja kunama, kuma jan kunama shi ke buɗe wa allura hanya. "Yatsa na zufa, ƙarfe ba ya yi," in ji shi.

Asabar, 8 ga Maris


Na je gida hutu. Yaya ma ya biyo daga aiki da bindigarsa a ƙugu. Shi ya sa ni wannan aikin, tun ina ƙarama nake goge masa takalma. Mama na kan keken ɗinkinta, ina ba su labarin ihuna. Ya yi ta dariya. "Auta, wannan ƙarfen na 'yan koyo ne. Kalli yadda manya ke yi." Ya ciro bindigar, ya ɗaga hama, ya ɗora babban yatsa, ya ja kunama a hankali.

Ƙarar ba irin ta filin harbi ba ce. Ɗakin ya cika da wari. Harsashin ya fasa tayil dab da ƙafar Mama, ɓaraguzai suka tsaga mata ƙwauri. Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take, ƙafarta na kan fedar keken.

Ban san lokacin da na karɓe bindigar daga hannunsa ba. Na zare gidan harsashi, na fitar da na ciki. Bai hana ni ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Mama ta ce wa maƙwabta ƙwan lantarki ne ya fashe. Ba wanda ya yarda.

Talata, 11 ga Maris
Yaya ya kira. Ba "ya jikin Mama", sai "Kin faɗa wa wani?" Na ce a'a. Ya ce da ƙyar, "Shekara da shekaru haka nake yi, Auta." Wannan maganar ta fi harbin tsorata ni. A gidansa ma, gaban matarsa da 'ya'yansa?

Asabar, 22 ga Maris
An kwance wa Mama ɗinkin ƙwaurinta. Kunnenta na hagu har yanzu bai dawo daidai ba.

Yaya ya zo da hantsi. Ni na buɗe ƙofa. Na tsaya a bakinta na miƙa hannu. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ciro bindigar ya ba ni. Na zare harsasan na kulle komai a durowa, sannan na matsa ya wuce.

Ba wani abu ba ne. Sai dai yanzu nake tunawa ban durƙusa na gaishe shi ba.